Charles de Foucauld: Sojan Faransa da sallar Musulmi ta mayar da shi ga addininsa, ya mutu a Tamanrasset

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit, ya wuce Assamaka da In Gezzam ya shiga Aljeriya neman na kansa, ya san Tamanrasset. Nan ne babban zango na farko bayan iyaka, inda ƴan Kance da Matamaye da Tawa suke sauke jaka su nemi aikin gini ko na cikin gida kafin su ƙara gaba. A cikin garin akwai wani tsohon ginin ƙasa mai kusurwa huɗu da dogayen bangaye, kamar ƙaramar ganuwa. Mutane suna wucewa ta gabansa kullum, kaɗan ne ke tambayar labarinsa. A ƙofar wannan gini aka harbe wani Bafaranshe, limamin Kirista, da yammacin Juma'a 1 ga Disamba 1916. Sunansa Charles de Foucauld, ana furta shi Sharl da Fuko.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurin, tun lokacin da gidajen garin ba su wuce ashirin ba. Bai mayar da Ba'abzine ko ɗaya Kirista ba, bai kuma samu almajiri ko ɗaya da ya dawwama tare da shi ba. In da ma'aunin ƴan mishan za a bi, aikinsa bai ci riba ba. Duk da haka a 2022 Cocin Katolika ya sanya shi cikin waliyyansa, kuma har gobe ana gardama a kansa: wasu na ganin bawan Allah ne da ya rayu cikin talakawa, wasu na ganin idon sojan mulkin mallaka ne cikin rigar malamai.

Maraya mai dukiya

An haife shi a birnin Strasbourg na gabashin Faransa ranar 15 ga Satumba 1858, a gidan sarauta da wadata. Kafin ya cika shekara shida, a cikin 1864, uwarsa ta rasu, bayan ƴan watanni ubansa ya bi ta. Kakansa na wajen uwa, Kanar de Morlet, shi ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Marie. Tsohon ya shagwaɓa yaron ƙwarai. Da Jamus ta ci Faransa a yaƙin 1870 ta karɓe yankinsu, sai iyalin suka koma Nancy.

Yana ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha shida ya bar addini. Ba wani faɗa ya yi da kowa ba. Karatun littattafan masana falsafa ne ya sa ya yanke cewa ba a iya tabbatar da komai game da Allah, ya ajiye batun gefe har tsawon shekara goma sha biyu. An kore shi daga wata makarantar limamai a Paris saboda lalaci da rashin ji. A 1876 ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr, inda abokansa suka fi saninsa da ƙiba da son abinci. Kakansa ya rasu a 1878 ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya shiga cin duniya da tsinke: liyafa, giya, caca, mata. A makarantar sojan doki ta Saumur, cikin ɗalibai 87, shi ya zo na 87.

Aka tura rundunarsa Aljeriya a 1880, ya tafi da wata farkarsa yana nuna ta kamar matar aure. Manyansa suka ce ya sallame ta, ya ƙi. A 1881 aka dakatar da shi saboda rashin ɗa'a. Bai daɗe a gida ba sai ya ji abokansa suna fafatawa da mayaƙan Shehu Bu Amama a kudancin Oran, ya roƙi a mayar da shi, aka mayar. A can ne aka ga wani mutum dabam, mai jure ƙishirwa da tafiya, mai kula da ƙananan sojojinsa. A can kuma ya haɗu da wani matashin hafsa, Henri Laperrine, wanda zai sake shigowa rayuwarsa bayan shekara ashirin. A 1882 ya ajiye kaki da kansa. Danginsa kuwa, ganin yadda yake ɓarin gado, suka sa kotu ta ɗora masa mai kula da dukiya.

Abin da ya gani a Maroko

A wancan zamani mafi yawan cikin ƙasar Maroko a rufe yake ga Turawa. Nasaran da aka kama a can yana iya rasa ransa. Foucauld ya zauna a birnin Aljas ya koyi Larabci da Ibrananci, ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani Bayahude mai suna Mardochée Aby Serour a matsayin ja-gaba. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 suka yi tafiyar kusan kilomita 3,000. Yana ɓoye ɗan ƙaramin littafi a tafin hannu da guntun fensir, yana rubuta tsawon duwatsu da inda koguna suka nufa, da dare ya kwafe. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885, littafinsa kan tafiyar ya fito a 1888. Taswirorin nan sun amfani sojan Faransa daga baya lokacin da suka shiga Maroko, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Amma ya dawo da wani abin da ba ya cikin taswira. Watanni goma sha ɗaya ya yi a matsayin wanda ake rainawa, ana zaginsa, wani lokaci a jefe shi. Wasu Musulmi sun gane Bature ne suka rufa masa asiri, har suka kare shi. Sannan kullum yana kallon ayari ya tsaya a tsakiyar daji, mutane su sauke kaya, su fuskanci alƙibla su sa goshi a ƙasa, babu mai tilasta musu. Daga baya ya shaida wa wani abokinsa a wasiƙa cewa Musulunci ya girgiza shi matuƙa, domin ganin mutanen da ke rayuwa kullum da tunanin Allah ya nuna masa akwai abin da ya fi harkokin duniya girma. Ya karanta Alƙur'ani, har ya yi tunanin musulunta.

Bai musulunta ba. Ya koma Paris a 1886 ya zauna kusa da gwaggonsa da ƴarta Marie de Bondy, mace mai ibada wadda ba ta taɓa yi masa wa'azi ba, kuma wadda ya ci gaba da rubuta wa wasiƙa har ranar da ya mutu. Ya riƙa shiga majami'u yana zama shiru, yana roƙon Allah, in akwai shi, ya sanar da shi kansa. A ƙarshen Oktoba 1886 ya je majami'ar Saint-Augustin wurin wani limami, Fada Huvelin, ya ce yana son a koyar da shi addini a ilmance. Limamin bai shiga muhawara da shi ba; ya umarce shi ya durƙusa ya furta zunubansa. Ya durƙusa. Yana da shekara 28. Shi da kansa ya bayyana cewa daga lokacin da ya yarda akwai Allah, ya gane ba shi da wata hanya sai ya rayu dominsa kaɗai.

Neman wuri na ƙarshe

Abin da ya bambanta Foucauld da sauran masu tuba shi ne ɓangaren rayuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), da ya zaɓa ya bi. Bisa ga Linjila, Yesu ya fara wa'azi yana da kimanin shekara talatin. Kafin nan yana ƙauyen Nazarat yana sana'ar kafinta, yana zaune da uwarsa da maƙwabta, ba wanda ya san shi. Yawancin masu wa'azi sun fi mayar da hankali ga shekarun koyarwa da mu'ujizai. Foucauld, bayan ya ziyarci Nazarat a farkon 1889 ya ga lungunanta, sai shekaru talatin ɗin nan na shiru suka kama zuciyarsa. Ya fahimci cewa idan wanda yake bauta wa ya yi mafi yawan rayuwarsa yana aikin hannu cikin talakawa, to aikin hannu da maƙwabtaka da ɗibar ruwa su ma ibada ne, ba sai a kan mumbari ba. Duk sauran rayuwarsa ƙoƙarin aikata wannan fahimta ce.

A Janairu 1890 ya bar wa ƙanwarsa abin da ya rage na dukiyarsa ya shiga gidan masu zuhudu na ɗariƙar Trappist a Notre-Dame des Neiges, mutanen da ke yini cikin shiru da noma da addu'a. Bayan wata shida ya nemi a tura shi reshensu mafi talauci, a Akbes, ƙasar Sham, ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Ya yi shekara shida a can, ya kuma ga kisan da aka yi wa Armeniyawa a yankin a 1895 da 1896. Wata rana aka aike shi ya yi addu'a a gidan wani leburan ƙauye da ya rasu. Da ya ga bukkar mamacin ya gwada ta da gidan zuhudunsu, sai ya ga su da suka yi alkawarin talauci sun fi wannan bawan Allah jin daɗi nesa ba kusa ba. Abin ya tsaya masa a rai. A Janairu 1897 shugabannin ɗariƙar suka sake shi.

Sai ya tafi Nazarat ɗin kanta, ya nemi aikin bara a gidan wasu mata masu zuhudu. Tsohon hafsa mai lambar zinariya ya zama mai shara da kai wasiƙa gidan waya, yana kwana a wata rumfar katako a cikin lambu. An ce bai iya aikin hannu sosai ba, matan suna haƙuri da shi ne kawai. Shekara uku ya yi a haka. Shugabar matan da Fada Huvelin suka lallashe shi ya karɓi limanci, abin da ya daɗe yana gudu don kada ya zama babba. An naɗa shi a Viviers ranar 9 ga Yuni 1901, yana da shekara 42.

Beni Abbes da batun bayi

Ya nemi a bar shi ya je inda babu limami ko ɗaya. A Oktoba 1901 ya isa Beni Abbes, wani zango mai dabino a yammacin Saharar Aljeriya, kusa da iyakar Maroko, inda Faransa ta kafa bariki. Sojoji suka taya shi gina ɗakunan ƙasa da ƙaramin ɗakin ibada. Yana sa farar riga mai hoton jar zuciya da gicciye a ƙirji. Ya tsara wa kansa jadawali mai tsanani na tashi tun kafin asuba, addu'a, karatu da aiki, ya kuma shata iyaka da duwatsu wadda ya ce ba zai riƙa ƙetarewa ba.

Jadawalin bai yi ƙarko ba, domin ƙofa ba ta daina bugawa. Matafiya, marasa lafiya, sojoji, mabarata da bayi, wani yini har mutum sittin zuwa ɗari. Nan ya fuskanci tambayar da ke gaban duk mai ibada: in kana tsakiyar addu'a mabuƙaci ya ƙwanƙwasa, wanne za ka bari? Shi ya zaɓi ya tashi ya buɗe, saboda ya ɗauki koyarwar Linjila da ke cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin mutane Almasihu aka yi wa, a matsayin umarni na zahiri. Burinsa shi ne Kirista da Musulmi da Bayahude duk su ɗauke shi ɗan'uwansu, gidan ma sunan ƴan'uwantaka ya sa masa.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne bauta. Faransa ta haramta ta a ƙasashen da take mulka tun 1848, amma a zangunan Sahara hafsoshi sun kau da kai don kada su ɓata da masu bayi, har bawan da ya gudu akan mayar wa ubangijinsa. Foucauld ya rubuta wasiƙu masu zafi ga shugabansa na coci, Monsinyo Guérin, da ga danginsa da abokansa, yana cewa munafunci ne ƙasa ta buga kalmar ƴanci a kan tambarin aika wasiƙunta tana ƙulla wa mutane mari. Monsinyo Guérin ya ce masa ya bi a hankali. Ya yi biyayya, amma ya ci gaba da fansar waɗanda kuɗinsa ya kai, ƴan kaɗan ne, cikinsu har da wani saurayi Paul Embarek, wanda ya yi ta tafiya yana dawowa, kuma shi ne ya ga mutuwarsa da idonsa.

Cikin Abzinawan Hoggar

Laperrine, wanda a lokacin shi ne kwamandan yankunan Sahara, shi ya gayyace shi kudu. Ya kamata a tuna yadda hanyar ta buɗu: a 1902 sojan Faransa sun karya mayaƙan Kel Ahaggar a yaƙin Tit, a 1904 kuma Musa ag Amastan ya miƙa wuya a In Salah. Foucauld ya shiga ƙasar ne a bayan bindiga, cikin ayarin soja. A Agusta 1905, da amincewar Musa, wanda shi ne amenokal, wato sarkin Abzinawan Hoggar, ya zauna a Tamanrasset. Ɗakinsa tsawonsa kamar mita 6 ne, faɗinsa bai kai mita 2 ba. Nan ne ɗakin ibada, nan ne ofis, nan ne makwanci. Mutanen wurin suna kiransa marabu, wato malami.

Bai yi wa'azi a fili ba. Yana ba da magani, yana raba allura da zare, yana sasanta rigima, yana ba mata shawara kan kula da jarirai, daga baya har saƙa ya koyar. Abincinsa ɗan fate-faten alkama ko sha'ir ne da dabino. Ya yi imani cewa mutane za su fara karanta addinin mutum a halinsa kafin su saurari bakinsa, kuma cewa aikinsa share fili ne, wasu za su zo su yi shuka ko da bayan ƙarnoni. Wani likitan soja da ya zauna da shi a 1908 ya ruwaito cewa ya gaya masa bai zo don ya juya Abzinawa nan take ba, ya zo ne ya fahimce su, kuma yana da yaƙinin Allah zai karɓi mutanen kirki ko wane addini suke bi. Sarki Musa kansa ƙara riƙo da Musulunci ya yi a shekarun abotarsu.

Ƙarshen 1907 shi ne lokaci mafi duhu. Fari ya kusa shekara biyu, awaki sun ƙafe, ya rabar da hatsin da ya tara. Abokinsa Motylinski, masanin harsuna da ya zo taya shi aiki, ya rasu. Wani matashi da ya biyo shi don ya zama almajirinsa na farko ya kasa, ya koma tun daga hanya. Dokar coci ta lokacin ba ta yarda limami ya gabatar da babbar ibadar Katolika, wadda suke kira Mas, shi kaɗai ba tare da mai taya shi ba, don haka Kirsimetin shekarar ya wuce bai yi ta ba, abin da ya fi komai daraja a wurinsa. Wasiƙa ma ta daina zuwa. A Janairu 1908 ya kwanta ciwo har ya sallama da rayuwa.

Abzinawan ne suka cece shi. Cikin wannan yunwa suka bi duk awakin da ke da sauran nono a kewayen garin, suka riƙa tatsowa suna kawo masa har ya tashi. Masu nazarin rayuwarsa da yawa suna ganin nan ne ya sauya. Shekara da shekaru shi ke bayarwa, kuma mai bayarwa kullum hannunsa ne a sama, ko da tawali'unsa ya kai ina. Wannan karon shi aka ciyar. Daga nan zamansa da su ya koma na maƙwabta, masu bin juna bashin alheri. A ƙarshen watan kuma izini ya iso daga Roma cewa yana iya yin Mas shi kaɗai.

Babban aikin da ya ci ƙarfinsa shi ne harshe. Da farko ya ɗauka ƴan watanni za su isa ya haɗa ɗan littafin kalmomi don masu zuwa bayansa. Sai aikin ya cinye sama da shekara goma, wani lokaci fiye da awa goma a yini, tare da Ba-Hammu, magatakardan Sarki Musa. Ya bi zango-zango yana rubuta waƙoƙi daga bakin maza da mata, yana biyan ɗan kuɗi a kan kowane baiti, ya kuma amfana da sanin Dassin, shahararriyar mawaƙiya mai goge na Hoggar. Ya tara waƙoƙi 575, baiti kusan dubu shida, na soyayya da yaƙi da raƙuma, ya fassara su ya yi musu sharhi. Ƙamusunsa na Tamahak da Faransanci, wanda aka buga da rubutun hannunsa a 1951 da 1952, juzu'i huɗu ne, shafi 2,028, da haruffan tifinag da zane-zanen sirdi da tanti da takobi. Har yau duk mai binciken harshen Abzinawa, ko na Ayar ne ko na Azawak, sai ya leƙa shi. Ya nace kada a sa sunansa a kan aikin, abin da ya fito yana raye da sunan marigayi Motylinski ya fito. Shi dai yana ganin sauraron waƙar soyayyar makiyayi da kyau, har a gane inda kalma ta dosa, wani nau'i ne na girmama mutumin da Allah ya halitta.

A 1911 ya gina wani ɗakin kaɗaici a kan dutsen Assekrem, sama da mita 2,700, don ya kusanci makiyaya. Watanni biyar kawai ya iya yi saboda sanyi da rashin lafiya. Sau uku ya je Faransa, a 1909 da 1911 da 1913, yana neman Kiristoci na gari, ƴan kasuwa da manoma da ma'aikatan jinya, da za su zo su zauna cikin Musulmi su yi sana'arsu da gaskiya. Lokacin da ya mutu, ƙungiyar da ya kafa don haka mutum 49 ke cikinta, har da shi kansa.

Inda rigar ta yi tabo

Ba a yi wa tarihinsa adalci in aka tsaya nan. Foucauld ɗan zamaninsa ne, kuma tsohon soja ne da bai taɓa daina tunanin soja ba. Bai ga laifin mulkin mallaka a kan kansa ba. Laifin da yake gani shi ne a yi shi da zalunci. Ya soki hafsoshi masu ƙwace da cin zali, amma ya yarda cewa Faransa na da haƙƙin riƙe Sahara da aikin wayar da mutanenta, kalmar da ta ɓoye raini mai yawa. Wasiƙunsa ga Laperrine da sauran hafsoshi cike suke da labarin ƙabilu, da wanda za a amince da shi, da inda mahara suka bi, da shawarar yadda za a tafiyar da yankin. A 1916 ya rubuta cewa idan Faransa ba ta jawo Musulmin ƙasashen da take mulka zuwa Kiristanci a hankali ba, wata rana ƴan boko cikinsu za su tayar da kishin ƙasa su kore ta. Hasashen korar ya tabbata. Maganin da ya bayar kuwa ya nuna iyakar fahimtarsa.

Masu kare shi suna cewa ba a ɗauke shi aikin leƙen asiri ba, kuma yawancin shawararsa ta neman sauƙi ce ga talakawa. Haka ne. Sai dai mutumin da yake son kowa ya ɗauke shi ɗan'uwa ya kasance kuma ɗan'uwan masu bindiga, kuma bai ga karo tsakanin biyun ba. Waɗanda aka mulka sun gani.

Daren 1 ga Disamba

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya iso Sahara ta hannun ƴan Sanusiyya na Libiya, waɗanda suka kori Italiya daga Fezzan suka samu makamai. A Maris 1916 suka karɓe barikin Djanet. Foucauld ya ƙi komawa barikin Faransa da ke kimanin kilomita 50 daga Tamanrasset. Maimakon haka ya gina ganuwar nan mai rijiya a ciki, don mutanen gari su fake in an kawo hari, ya koma cikinta a tsakiyar shekarar. Soja suka ajiye masa bindigogi da harsasai a ciki don kare garin, abin da ya mayar da gidan malami abin kwaɗayin mahara.

Ranar 28 ga Nuwamba ya rubuta cewa ya kammala aikin waƙoƙin. Bayan kwana uku, da magariba, wani mutum da ya sani mai suna El Madani ya kira shi daga waje ya ce wasiƙu sun iso. Da ya buɗe ƙofa ya miƙa hannu, aka fizgo shi, aka ɗaure hannayensa ta baya, aka durƙusar da shi, aka bar wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyar yana gadinsa da bindiga, sauran suka shiga kwasar kaya. Yawancin masana tarihi suna ganin niyyarsu su tafi da shi ne a matsayin garkuwa. Ana cikin haka sai ga sojojin raƙuma biyu sun nufo wurin. Harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a kai. Yana da shekara 58. Mutanen gari suka binne shi a ramin da ke gefen ganuwar, kusa da sojojin Musulmi da aka kashe.

Guguwar da ta ci shi ita ce ta sauko Ayar. Cikin watan nan na Disamba Kaosen, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya har zuwa farkon Maris 1917, lokacin da dakaru suka iso daga Damagaram. Ramuwar da Faransa ta yi ta kasance mai muni, an kashe mutane da yawa a Agadas har da malamai, Ayar ta daɗe ba ta farfaɗo ba. A littattafan Turai mutuwar limami ɗaya ta fi waɗannan duka amo.

Sarki Musa ag Amastan ya aika wa ƙanwar mamacin wasiƙar ta'aziyya, yana bayyana baƙin cikinsa da rashin abokinsa, yana kuma yi masa fatan rahamar Allah.

Abin da ya biyo baya

Da labarin ya tsaya a nan, da ƴan masana harshe kaɗai za su tuna da shi. A 1921 marubuci René Bazin ya fitar da tarihinsa, littafin ya karɓu sosai. A 1929 aka mayar da gawarsa El Golea, wadda yanzu ake kira El Meniya. A 1933 René Voillaume da wasu matasan limamai suka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu a El Abiodh Sidi Cheikh, a 1939 kuma Magdeleine Hutin ta kafa ta mata a Touggourt. Tsarinsu shi ne wanda ya yi ta rubutawa ba mai bi: mutum uku ko huɗu su kama haya a unguwar talakawa, su yi aikin masana'anta ko shara ko kiwo kamar kowa, su ware ɗaki ɗaya na addu'a, su bar ƙofa a buɗe. Sun bazu a ƙasashe da dama, har Nijar, inda matan ƙungiyar suka zauna cikin makiyaya.

Paparoma Benedict na 16 ya ɗaga shi zuwa matakin masu albarka ranar 13 ga Nuwamba 2005. Paparoma Francis ya ambace shi a ƙarshen wasiƙarsa ta 2020 kan ƴan'uwantakar ɗan Adam, sannan ya ayyana shi waliyyi a Roma ranar 15 ga Mayu 2022. Abin da cocin ya karɓa a matsayin mu'ujiza ta ƙarshe ya faru ne a Saumur, garin da ya zo na 87: a ƙarshen Nuwamba 2016 wani matashin kafinta ya faɗo daga rufin wata majami'a, tsayin mita 15 da ɗoriya, katako ya huda shi, ya tashi da ƙafarsa ya kuma warke. Wasu masana tarihi, a Aljeriya da Faransa, sun soki naɗin saboda alaƙarsa da sojan mamaya.

Ɗakinsa na kan Assekrem yana nan, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasset ta hanyar duwatsu. Ƴan ƙungiyarsa ƙalilan ne ke zaune a wurin suna kula da shi, kuma yawancin baƙin da suke tarba, masu hawowa kallon fitowar rana, Musulmin Aljeriya ne.